Psi, Bar da Kilofaskal: Yadda Ake Juya Awon Matsi Daga Taya Har Zuwa Kankare

Ka tsaya wurin mai faci a gefen titi, a Dandima ne ko Gawon Nama cikin Sakkwato, tambayar da zai tare ka da ita ɗaya ce: "Nawa za a sa mata, Alhaji, 40 ko 50?" Ba zai faɗa maka 40 ɗin mene ne ba, kai ma ba ka tambaya. Amma buɗe ƙofar direba ka duba 'yar takardar da aka manna a ginshiƙin ƙofar. Idan motar daga Amurka ta fito, wataƙila psi 32 za ka gani. Idan daga Turai ce, bar 2.2. Ta Japan kuwa kPa 220 za ta rubuta, wani lokaci da kgf/cm² 2.2 a gefe. Iska ɗaya ake nufi, an raɗa mata suna huɗu. Shi kuma 50 ɗin mai faci ya haura abin da maƙeran motar suka nema da fiye da rabi.

Najeriya ta bar awon Ingilishi na inci da laba ta koma na mita da kilo tun shekarun 1970, amma kayan aikin da ke shigo mana ba su ji wannan sanarwa ba. Kwamfaresar da aka ƙera a Sin da MPa take magana, gejin mai gyaran firji da psi, injin ruwa na Italiya da bar, tsofaffin littattafan injiniyoyi kuma da lb/in², wani salon rubuta psi. Ga mu kuma a bakin iyaka: wanda ya tsallaka Illela zuwa Ƙonni zai tarar da takardun kayan aiki cikin Faransanci, da nasu salon rubuta lamba. Ni aikina duba gini ne, kuma yawancin kurakuran awo da na ci karo da su, lissafin cikinsu bai fi ƙarfin ɗan aji biyu na sakandare ba. Abin da ke kā da mutane shi ne rashin tsayawa su tambayi lambar: ke ta mece ce?

Mataki na farko: san abin da ake aunawa

Matsi shi ne nauyi ko ƙarfi idan aka raba shi a kan faɗin wurin da ya sauka. Raƙumi ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba, amma a cikin rairayi jakin ne ke lumewa, saboda tafin raƙumi shimfiɗaɗɗe ne. Baduku kuma da ɗan ƙarfin hannunsa yake huda fatar sa, don duk ƙarfin ya taru a kan tsinin basilla. Ke nan kowane awon matsi abu biyu ne a haɗe: ƙarfi a sama, faɗin wuri a ƙasa.

Idan iska ce ko ruwa ko mai ke tura bangon abin da aka zuba su, sai mu ce matsi. Idan kuwa sandar ƙarfe ce ake ja, ko ginshiƙin kankare aka ɗora wa bene, ƙarfin da kowane ɗan yanki na jikinsu ke ɗauka shi ne injiniyoyi ke kira sitires, iyakar abin da zai iya ɗauka kafin ya gaza kuma ita ce juriyarsa. Awonsu duk ɗaya ne, saboda haka lissafin da zai juya iskar taya shi ne zai juya juriyar rodi. Bambancin kawai, lambobin rodi da kankare manya ne.

Mataki na biyu: gane gidan da lambar ta fito

A gidan Ingilishi, wanda yanzu Amurka ce ta fi riƙo da shi, uban gida shi ne psi, wato laba nawa a kan inci ɗaya murabba'i. Laba nan ta nauyi ce, kada a haɗa ta da fam na kuɗi. Idan lambar ta yi yawa sai a dunƙule psi 1,000 a kira shi ksi 1. Akwai kuma psf, laba a kan ƙafa ɗaya murabba'i, wanda ake auna ƙarfin ƙasa da shi. Ƙafa inci 12 ce, 12 sau 12 kuwa 144, don haka psi 1 daidai yake da psf 144.

A gidan mita, tushen shi ne faskal, Pa a rubuce, sunan masanin Faransa Blaise Pascal wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662. A 1971 aka shigar da sunan cikin tsarin awo na duniya. Faskal ɗaya shi ne niyuton ɗaya (awon ƙarfi na gidan mita, N a rubuce) a kan mita ɗaya murabba'i, kuma ƙanƙane ne ƙwarai: fallen farar takarda irin ta buga rubutu, idan ka shimfiɗa ta a tebur, matsin da take yi bai ma cika faskal ɗaya ba. Shi ya sa ba a cika ganinsa shi kaɗai ba, sai da rakiyar harafi. Pa 1,000 shi ne kPa 1. Pa 100,000 shi ne bar 1. Pa 1,000,000 shi ne MPa 1. A cikin wannan gida ba a lissafi, ɗigo kawai ake matsarwa: bar 2.2 shi ne kPa 220, shi ne kuma MPa 0.22. Abin da ya kamata mai aikin gini ya haddace kamar sunansa shi ne N/mm², wato niyuton a kan milimita murabba'i, da MPa abu ɗaya ne tak. Idan zane ya ce N/mm² 25, takardar gwaji ta ce MPa 25, babu abin juyawa.

Sai wani ɗan uwa da ke zaune a zaure, kgf/cm², wanda kanikawa ke kira "kilo" kawai. Yana kusa da bar ƙwarai: kgf/cm² 1 daidai yake da bar 0.981, ko psi 14.22. Tazarar kashi 2 ce cikin 100. A taya ba ta dame ka ba. A takardar gwajin kankare kuwa ka lissafa ta.

Mataki na uku: gadar da ke tsakani

Lamba ɗaya ce ta haɗa gidajen biyu, kuma ya fi kyau ka ga inda ta fito sau ɗaya da ka haddace ta a makance. A 1959 ƙasashen da ke amfani da awon Ingilishi suka daidaita a kan inci ɗaya milimita 25.4 ne cif, laba ɗaya kuma kilo 0.45359237. Ninka labar da jan ƙasa, wato 9.80665, ka sami niyuton 4.448. Inci ɗaya murabba'i kuma 25.4 sau 25.4 ne, milimita murabba'i 645.16. Raba 4.448 da 645.16, amsar ita ce 0.006895. To psi 1 ke nan a N/mm². A faskal 6,895 ne, a kilofaskal 6.895.

Daga wannan uwa sauran 'ya'yan suka fito:

psi 1 = kPa 6.895 = bar 0.06895
bar 1 = psi 14.5
MPa 1 = psi 145
ksi 1 = MPa 6.895

Lura da yadda lambobi biyu ne kawai ke ta dawowa, 6.895 da 14.5, ɗigo ne ke sauya mazauni. Ɗaya juyin ɗaya ce: raba 100 da 6.895 za ka sami 14.5. Wanda ya manta ɗaya zai iya haƙo ta daga ɗayar.

Mataki na huɗu: ninkawa ko rabawa

Nan ne hannu ke rawa. Dabarar da nake koya wa yaran da ke bina wurin aiki ita ce su fara tambayar kansu wane awo ne babba. Bar ya fi psi girma sau 14.5, saboda haka abin da aka auna da bar lambarsa ƙarama za ta fito, kamar yadda buhu 2 na gero yake zama tiya masu yawa. Daga babban awo zuwa ƙarami ninkawa ake yi, daga ƙarami zuwa babba rabawa. Jerin girmansu daga sama: ksi, MPa, bar, psi, kPa.

Takarda ta ce bar 2.3, gejin mai faci psi yake karantawa: 2.3 sau 14.5, psi 33.4, ka ce masa ya sa 33. Takarda ta ce kPa 240: a nan psi ne babba, sai a raba, 240 a raba da 6.895, psi 34.8, wato 35. Ƙaramar tayar nan ta ko-ta-kwana da ke zuwa da motoci da yawa an rubuta mata kPa 420, psi 60 a ɗaya gefen, kuma ba kuskure ba ne, haka take so.

Idan ba waya a hannu, ninka psi da 7 ka sami kPa. Psi 32 sau 7 ya ba da 224 maimakon 220.6, kuskuren kashi ɗaya da rabi cikin 100, wanda bai kai kuskuren shi kansa gejin gefen titi ba. Don taya da famfon gida wannan ya wadatar. Don zane ko rahoton da za ka sa wa hannu, yi amfani da 6.895.

Kada kuma ka kwafe duk wutsiyar da kalkuleta ta tofo. Wanda ya auna psi 32 da gejin da allurarsa ke rawa, sannan ya rubuta kPa 220.632, ya yi wa kansa shaidar ƙwarewar da kayan aikinsa ba su da ita. Rubuta 220.

Mataki na biyar: auna amsar da abin da ka sani

Kafin ka yarda da amsa, jingina ta da wani abu da ka riga ka sani. Iskar da muke shaƙa a bakin teku tana danna mu da kPa 101.3, bar ɗaya da ɗan ɗoriya, psi 14.7. Tayar ƙaramar mota tana tsakanin bar 2 da 2.5. Ta tirela tana wajen bar 7 zuwa 8, psi 100 zuwa sama. Kankaren gida yana tsakanin MPa 20 da 30. Rodi yana cikin ɗaruruwan MPa. Idan lissafinka ya ce tayar Corolla na son bar 22, ɗigo ya zame. Idan ya ce kankarenka psi 25 ne, to ko bulon laka ya fi shi.

Tarko biyu suna nan kusa. Na farko gejin kayan Sin mai MPa: tankin kwamfaresa da allurarsa ke kan 0.8 ba fanko ba ne, bar 8 ke ciki, psi 116. Na taɓa ganin yaron shago yana neman ɗaure bawul ɗin tsaro da waya saboda a ganinsa injin "ko ɗaya bai kai ba". Na biyu waƙafi: Faransawa da Jamusawa da maƙwabtanmu na Nijar suna rubuta 2,2 inda mu muke rubuta 2.2. Idan ka ga "2,200" a takardar da ta fito daga can, tsaya ka tabbatar ko dubu biyu da ɗari biyu ake nufi ko biyu da ɗigo biyu.

Taya da zafin Sakkwato

Akwai abin da juya awo ba ya gyarawa, kuma taya ce ta fi saurin nuna shi. Gejin taya ba ya ƙirga iskar duniya da ke kewaye da mu. Idan ya nuna sifili, ba wai babu iska a tayar ba, iskar ciki ce ta yi daidai da ta waje. Wannan shi ne matsin geji, ana rubuta shi psig ko barg. Idan aka ƙara masa na iskar waje sai ya zama cikakken matsi, psia ko bara. Tazararsu psi 14.7 ce a bakin teku. Mu da muke kan tudu na kimanin mita 300, tamu tana wajen 14.2.

Muddin juya awo kawai kake yi, daga psi zuwa bar, ba ruwanka da wannan, matsin geji zai fito matsin geji. Amma da zarar zafi ya shiga lissafin, dole ka koma cikakken matsi, zafin ma ka ƙara masa 273 don ya zama cikakken zafi. Ga misali. Ka sa psi 32 da safe, zafin gari digiri 25. Ka kama hanyar Gusau da azahar a watan Afrilu, iskar cikin tayar ta kai digiri 60. Idan muka ɗauki lambar bakin teku, cikakken matsi da safe 32 da 14.7, wato 46.7. Zafi ya tashi daga 298 zuwa 333. Ninka 46.7 da 333 ka raba da 298, ka sami 52.2. Cire 14.7, saura 37.5. Tayar da ka bari a 32 yanzu tana 37 da rabi ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Maƙeran mota sun san da wannan ƙari, shi ya sa lambar jikin ƙofa ta taya mai sanyi ce. Kada ka tsaya a Talata Mafara ka sace iskar don ka ga ta hau, domin idan ta huce za ta faɗo ƙasa da ƙa'ida, taya mai ƙarancin iska kuwa ita ta fi lanƙwasa ta yi zafi ta fashe. Yanzu ka ɗora wannan ƙarin a kan 50 ɗin da aka fara da shi. Lambar da ke jikin tayar kanta, irin su psi 44 ko 51, kPa 300 ko 350, iyaka ce da ba a so a ƙetare, ba ita ake nema a sa ba.

Wani dattijon mai faci da na yi wa wannan bayani ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, ai mu kowa ta zo 45 muka sa mata, ba a taɓa dawo muna da ƙara ba." Na ce, "Baba, wanda tasa ta fashe a hanyar Gusau ai ba nan zai dawo ba." Dariya ya yi, ya sa mini 32 ɗina.

Ruwa: mita ma awon matsi ce

Masu rijiyar burtsatse da manoman rani na fadamun Rima suna da awo na uku, tsayi. A jikin injin ruwa za ka ga harafin H da mita kaza. Ana nufin tsayin da zai iya tura ruwa, kuma shi ma matsi ne ya sauya riga. Ruwa mai tsayin mita 1 yana danna ƙasansa da kPa 9.81, psi 1.42. Mita 10.2 ke ba da bar 1, a aikin yau da kullum ka ce mita 10. A gidan Ingilishi psi 1 yana ɗaga ruwa ƙafa 2.31.

Tankin da ruwansa ke mita 6 sama da bakin famfo yana ba da 6 sau 9.81, kPa 59, bar 0.6, psi 8.5. Girman tankin bai shiga lissafin ba ko kaɗan, lita 500 da lita 5,000 matsinsu ɗaya idan tsayinsu ɗaya. Mutum zai sayo injin wanki ko na'urar ɗumama ruwa da aka rubuta tana buƙatar bar 1, ya ga ruwa na tsiyaya kamar hawaye, sai ya je ya ƙaro tanki na biyu a gefen na farko. Tsayi yake nema, ko ƙaramin injin ƙara matsi.

Injin da ke tura ruwa mita 60 yana aiki da kPa 589, kusan bar 6, psi 85. Da wannan lambar za ka je wurin mai sayar da bututu. Bututun roba da aka rubuta wa PN 6 na bar 6 ne, PN 10 na bar 10, psi 145. A nan PN 6 ya yi kaɗan, saboda an auna wannan lamba ne da ruwa mai digiri 20, juriyar roba kuma raguwa take yi idan zafi ya ƙaru. Bututun da ke kwance a rana a garin nan bai san digiri 20 ba sai cikin hunturu. Makunnin nan mai kashe injin da kansa da aka rubuta wa 30/50, psi ne: yana kunnawa a bar 2.1, ya kashe a bar 3.4.

Kankare da rodi, inda kuskure ke da tsada

A buhun siminti, har da wanda ke fitowa daga masana'antar Kalambaina, za ka ga 32.5 ko 42.5. MPa ne, juriyar da samfurin siminti da yashi na gwaji ya kamata ya kai bayan kwana 28. A psi, 42.5 sau 145 ya ba da wajen 6,160. Wannan ba alƙawari ba ne cewa kankarenka zai kai haka. Kankare ya danganta da yawan ruwa, tsaftar yashi da tsakuwa, da kuma ko an ci gaba da ba shi ruwa bayan zubawa, abin da iskar hunturu da ranar bazara ke hukunta wanda ya yi sakaci da shi.

A ɗakin gwaji na nan gida, dunƙule mai kusurwa huɗu ake matsewa, milimita 150 kowane gefe. Fuskarsa 150 sau 150, milimita murabba'i 22,500. A ce ya fashe a kN 600, wato niyuton 600,000. Raba da 22,500, ka sami N/mm² 26.7. Ninka da 145, psi 3,870 ke nan.

To ga inda ƙafa ke zamewa. An taɓa kawo mini zanen wani gini da aka kwafo daga tsarin Amurka, an rubuta kankare psi 3,000. Wanda ke riƙe da aikin ya raba da 145, ya sami 20.7, ya ba da umarnin a yi kankaren da dunƙulensa zai kai 21. Lissafinsa babu aibi. Sai dai Amurkawa ba dunƙule suke matsewa ba, silinda ce mai faɗin inci 6 da tsayin inci 12. Kankare ɗaya, idan aka zuba shi a silinda, yana fashewa a wajen kashi 80 cikin 100 na abin da zai fashe a dunƙule, saboda doguwar siffa ta fi saurin tsagewa. Shi ya sa tsarin Turai ke rubuta lamba biyu, C20/25 ko C25/30: ta farko ta silinda, ta biyu ta dunƙule. Psi 3,000 na Amurka yana daidai da C20/25 ne, wato dunƙulen da ya kai 25 zuwa 26. Da aka bi 21, da an zuba bene da kankaren da ya gaza abin da mai zane ya lissafa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Allah ya sa ginshiƙai ba su tashi ba tukuna lokacin da aka gano.

Saboda haka a kankare matakin biyu ne. Juya awon tukuna, sannan ka tambaya samfurin wace siffa ce. Idan daga silinda za ka koma dunƙule, raba da 0.8. Psi 4,000 zai zama MPa 27.6 a silinda, wajen 34 a dunƙule.

Rodi ma yana da nasa tarkon. Ƙarfe yana da lamba biyu: inda yake fara miƙewa ba ya komawa, da inda yake tsinkewa. Da ta farko ake yin zane. Rodin Amurka mai daraja 60 yana nufin ksi 60 a wurin miƙewa, 60 sau 6.895, MPa 414, su kansu a rubutun mita 420 suke kiransa. Rodi mai gaɓa-gaɓa na tsarin Ingila da injiniyoyinmu suka daɗe suna zane da shi N/mm² 460 ne, sabon tsarin ya koma 500, mai santsi kuma 250. Juya 460 ka ga ksi 66.7. Ke nan daraja 60 ba ya maye gurbin 460 kai tsaye, ya gaza da kashi 10 cikin 100. Idan takardar gwaji ta nuna maka lamba mai daɗin gani kamar 600, duba wane layi kake karantawa, kada ta tsinkewa ce.

Kyakkyawan atisaye shi ne ka lissafa sanda ɗaya ta hanyoyi biyu. Rodi mai milimita 12 fuskarsa milimita murabba'i 113. Sau 460, niyuton 52,000, kusan tan 5.3. Takwaransa na Amurka mai lamba 4 rabin inci ne, milimita 12.7, fuskarsa inci murabba'i 0.20. Sau psi 60,000, laba 12,000. Ninka da 4.448, niyuton 53,400. Sun zo kusan kunnen doki, ɗan kaurin na Amurka ya cike gibin juriyarsa. Wannan lissafin ne kuma ke tona asirin rodin da ake sayarwa da sunan 12 alhali 11 ne: fuskarsa 95 ce maimakon 113, an rasa kashi 16 cikin 100 a kan milimita ɗaya da ido ba ya gani. Ni da ma'aunin kauri nake zuwa sayen rodi, ko mai shago ya ji haushi.

Ƙa'idar bulo ta hukumar SON, mai kula da ingancin kayayyaki a Najeriya, ta nemi N/mm² 2.5 ga bulon da ba ya ɗaukar nauyi, 3.45 ga mai ɗauka. Wannan 3.45 ɗin kamar baƙuwar lamba take, har sai ka ninka ta da 145 ka ga psi 500 ya fito. Kusoshin inji kuma, mai 8.8 a kansa yana tsinkewa a wajen MPa 800, ya fara miƙewa a 640. Na Amurka mai zane uku a kai, daraja 5, ksi 120 ne, MPa 827, sa'anninsa ke nan ta wajen ƙarfi, ko da yake zarensu ba ya shiga na juna. Lambar da bakanike ke ɗaure su da ita, lb-ft ko N·m, awon murɗawa ce, ba ta cikin wannan dangi, kada a kai mata 6.895.

Rahoton gwajin ƙasa yakan zo da kN/m², wanda shi ne kPa. Psf 1 daidai yake da Pa 47.88. Ƙasar da aka ce tana ɗaukar kN/m² 150 tana ɗaukar psf 3,130, psi 22 kacal. Tsofaffin rahotanni masu tan a kan ƙafa murabba'i sai an tambaya wane tan: na Amurka mai laba 2,000 yana ba da kPa 96, na Ingila mai laba 2,240 yana ba da 107.

Ƙananan awo da ke faɗo wa mutum ba zato

Hawan jini da milimitar zaiba ake auna shi, mmHg, kowane ɗaya Pa 133.3, saboda haka 120 ɗin nan kPa 16 ne, psi 2.3. Wanda ya je asibiti a Nijar aka ce masa jininsa 12 da 8, kada ya firgita, santimita suke ƙirgawa, 120 da 80 ne. Kan tukunyar gas ta girki yakan nuna mbar 28 ko 30, milibar kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na bar, saboda haka ko rabin psi bai kai ba. Kayan Amurka suna rubuta kusan wannan matsi a matsayin inci 11 na ruwa, mbar 27.4. Tulun iskar oksijin da gejinsa ya nuna psi 2,000 yana da bar 138. Masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, idan suna zuƙe iska daga bututu, allurarsu kan gangara ƙasa da sifili zuwa wajen 30, wannan incin zaiba ne, 29.92 shi ne nauyin iskar duniya gaba ɗaya a bakin teku. A Sakkwato allurar ba za ta wuce wajen 29 ba ko injin zuƙar sabo ne fil, domin iskar da ke kanmu ba ta kai ta Legas nauyi ba.